Takin Reza a Gonar Yayana

A gidanmu ni ne wanda ba a aika da abu mai fashewa. Haka aka san ni tun ina yaro, har na yi furfura ba a ƙara mini matsayi ba. Boko aji biyu na yi, na biyun ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. A allo na samu abin da zan yi salla da shi, na yi wa malam godiya na kama gabana. Mu wanzamai ne a Gude. Yayana ya gaji zabirar mahaifinmu da natsuwarsa, ni na gaji surutun kawunmu. Kasona na gonar gado ma yayan nawa na bar wa, na ce zan tafi birni neman arziki. Ban wuce Gwarzo ba.

A Gwarzo na yi dako, na yi tura ruwa, na yi gadin shagon da babu abin sata a cikinsa. Ina nan har shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, mutane suka koma neman maganin da suka ji sunansa a wajen wa'azi: zuma, habbatus sauda, man zaitun, da ƙaho, wanda a lokacin aka fara kiransa hijama. Ga shi kuma tun zamanin tsuke bakin aljihu zuwa asibiti ya zama sai mai ƙarfin hali, don har audugar da za a goge maka wurin allura kai za ka saya. Sai wani malami ya buɗe gidan magani a bakin gari, ɗaki uku da rumfa, ya rataye allo a ƙofa. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya fushi sai an bar buta babu ruwa. Da ya ji ni ɗan wanzamai ne ya ɗauke ni aiki. Ya gwada hannuna a bayan mutum ɗaya, ya mayar da ni shara.

To aikina ke nan: shara, wanke kofuna, haƙa rami.

Sai na yi bayanin ramin. Mahaifinmu in ya yi wa mutum ƙaho, da ƙahon saniya yake yi, ya tsaga fata da askarsa, ya tsotsa, jinin ya taru. Wannan jinin ba a barinsa a fili. Ana haƙa ƙasa a binne, kamar yadda ake yi wa gashin jariri ranar suna. Mu abin da aka gaya mana shi ne kada maƙiyi ya samu ya yi wa mai shi sammu. Malam ya ce ba haka ba ne, darajar ɗan Adam ce ta sa. Ban yi masa musu ba, tunda dalilinsa da namu duk rami ɗaya suke kai mutum. Ba na yabon kaina, amma a binne jini ban taɓa wasa ba. Ko da rana ta take sai na haƙa har gwiwar hannu.

Inda aka samu matsala ita ce reza. A gidan Malam ba a aiki da aska. Rediyo kullum tana gargaɗi a kan cututtukan da ake ɗauka ta jini, don haka kowane mutum da sabuwar rezarsa, a ɓare ta a gabansa, a yi masa tsaga, a ajiye. Askar mahaifinmu kuwa daga mahaifinsa ya gaje ta, an wasa ta har ta sirance kamar ganyen dawa, kuma tana nan a zabirar yayana. Wanzami ba ya yar da ƙarfe. Saboda haka kakanninmu sun bar mana hukuncin jini, sun bar mana na gashi, amma ba su ce komai a kan ƙarfen da aka gama da shi ba, don ba su taɓa gamawa da shi ba. Ni kuma na yi ijtihadi irin na ɗan aji biyu. Na sami gwangwanin madara, ana jefa rezar a ciki, in ya cika in je bayan gida in zazzage a juji, in dawo da gwangwanin, don shi ma abin amfani ne.

Jujin nan kuwa ba a magana. Tukar saiwoyin da aka dafa, ɓawon itatuwa, tokar murhu, kashin awakin Malam, duk nan suke zuwa. Damina biyu ta bi ta kansa ya yi baƙi wuluk, yana ƙamshin ƙasa. A shekarun nan takin zamani sai dai ka ji labarin an kawo, ka je ka tarar an rabar. Duk zuwan da zan yi Gude maganar yayana ke nan, gona ta gaji, gero yana fitowa kamar gashin tsoho. Sai na roƙi Malam jujin, ya ce in kwashe ma ya huta. Wani abokina mai a-kori-kura da ke zuwa Kabo babu kaya ya yi mini sawu uku. Da shebur muka loda, muna hira, ba wanda ya ga komai.

Ranar da aka sauke sawu na ƙarshe yayana ya tsaya a bakin gona ya daɗe yana kallon tsibin. Ya ɗebo da hannu ya sansana. Sannan ya ce, "Ashe kai ma kana da rana."

Shekarata kusan hamsin a lokacin, kuma wannan ne yabo na farko da na ji daga bakinsa. Na koma Gwarzo ina tafiya kamar wanda aka naɗa.

Akwai abin da ya kamata in faɗa game da ƙafarsa. Yana da ciwon suga. Daminar da ta gabata ƙaya ce kawai ta soke shi a babban yatsa, wurin ya ƙi warkewa har aka yi girbi. Likitan da ya duba shi ya gaya masa a gabana cewa in ya sake samun rauni irin wannan, ba yatsan kaɗai za a yi maganarsa ba. Ya ce to. Ya dawo gida ya ci gaba da shiga gona ba takalmi, don a wurinsa ƙafa ce ke gaya wa manomi ko ƙasa ta sha ruwa.

Ana cikin bazara, zafi ya kai inda ƙadangare ke gudu da ƙafa uku, sai ga wata malamar lafiya daga ƙaramar hukuma, da jaka da takardu. Ta ce an aiko ta ta zaga gidajen maganin gargajiya ta ji abin da ma'aikata suka sani game da sharar da ke fita daga jikin marasa lafiya. Ba kama kowa ta zo yi ba, tambaya ce kawai. Malam ya ba ta ɗakin tsakiya, ta riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya: masu yin ƙahon su biyu, da matar da ke kula da ɓangaren mata. Ni aka bari a ƙarshe.

Wannan kuskure ne, don ɗakin yana da taga, kuma ƙarƙashin tagar ya ga shara ranar nan irin wadda bai taɓa gani ba. Duk wanda ya ba ta amsa ba daidai ba sai ta gyara masa, ni kuma ina waje ina haddacewa. Da an koyar da boko ta taga da yanzu ni alƙali ne.

Da aka kira ni na shiga na durƙusa, muka gaisa, ta tambayi iyali da zafi, na tambayi hanya.

"Baba, in an gama yi wa mutum ƙaho, ina jinin yake zuwa?"

"Inda ni da ke za mu, Hajiya. Ƙarƙashin ƙasa."

Ta yi dariya ta rubuta. "Audugar da aka goge shi fa?"

"Ita wuta take shiga, ba ta jiran hisabi."

"Kana taɓawa da hannu?"

"Da safar hannu. In babu, leda biyu."

Duk wannan gaskiya ne, in ka cire leda ɗaya.

"To rezar fa?"

"Gwangwani gare ta."

"In ya cika?"

Malam yana tsaye a bakin ƙofa yana jan carbi, fuskarsa ɗauke da murmushin mai gida da yaronsa ke fitar da shi kunya. Alƙalaminta yana jira. Amsar kuwa tana bakina da ɗuminta, yanzun nan na ɗauko ta a taga.

"A danne bakin gwangwanin da dutse, Hajiya, a jefa shi rami mai zurfi, a rufe."

Ta ajiye alƙalami ta dubi Malam. Ta ce duk gidajen da ta zaga ba ta sami wanda ya amsa mata tiryan-tiryan kamar wannan dattijon ba. Malam ya ce ai ɗan gado ne. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Da ma ta tashi a nan. Amma tana haɗa takardunta ta ci gaba da magana, kamar mai hira da abokin sana'a. Ta ce mutane suna ganin duk abin da ya shiga ƙasa ya mutu, alhali reza ba ganye ba ce. Sai ta shekara biyu, uku, tana kwance da kaifinta da tsatsarta. Mai lafiya ma in ya taka ta sai an yi masa allura, in ba haka ba akwai ciwon da ke sandarar da mutum ya ɗaure masa muƙamuƙi. "Balle a ce mai ciwon suga ne," in ji ta, tana zuge jaka.

Na raka ta har bakin titi ina yi mata addu'a, amma ban san me nake faɗa ba. Abin da nake gani shi ne shuka. Wanda bai taɓa yi ba, ga yadda take: mai sungumi yana gaba yana sara, a jefa iri a ramin, a turo ƙasa da gefen ƙafa, a danne da dunduniya. Rami bayan rami, tun daga wannan iyaka har waccan. Babu tafin ƙasa ɗaya da ƙafa ba ta murza shi. Yayana kuwa ba ya yarda kowa ya rufe masa iri, shi ke sara, shi ke dawowa ya rufe.

In ka ce me ya hana ni wannan tunanin tun ranar da muke loda mota, ba ni da amsar da za ta fitar da ni. A kaina duk abin da ya shiga juji ya zama taki, shi ke nan.

Kwana uku na yi ina shawara da zuciyata, kuma ba zan ɓoye ba, ba shawarar kirki ba ce. Na ce watakila tsatsa ta cinye su. Na ce gona faɗi gare ta, reza kuwa 'yar mitsitsiya. Na ce kaushin ƙafar yayana ko ƙusa sai ta yi sallama. Gaskiyar ita ce kalma shidan nan da ya faɗa mini a bakin gona nake jin ciwon mayarwa. A rana ta uku da la'asar na ga hadari ya taso daga gabas, ya yi duhu, iska ta kaɗa shi ya watse. Manoma suka ce saura ƙiris.

Da safe na je wurin wani mai gyaran rediyo da muke shan shayi tare. Tun ina yaro na san abin da ke cikin lasifika, don na taɓa farke ta wani maƙwabcinmu na sha duka a kai. Na ce ya ba ni mayen ƙarfe, mafi girman da yake da shi. Ya tono mini biyu daga tsofaffin lasifikan masallaci, kowane kamar faifan tuwo. Ya ce me zan yi da su. Na ce aljani zan kama.

Na tarar da yayana a gindin ɗorawar gona yana sa wa sungumi sabuwar ƙota. Tsibin takin nan babu ko ɗaya, ya baje su tas, gonar ta yi baƙi daga iyaka zuwa iyaka. Ƙafafunsa a miƙe, fari fat da ƙura. Na dube su kafin in dubi fuskarsa.

Muka gaisa. Na tambayi gida, na tambayi jiki, na tambayi shanu, na koma na sake tambayar gida.

"Ka tambaye su sau biyu," in ji shi. "Me ka fasa?"

Na faɗa masa. Ban yi kwana ba, don na san in na fara kwana ba zan iso ba. Ya saurara yana ta feƙe ƙotar da wuƙa.

"Nawa ne?"

"Ban sani ba, Yaya. Na kusan shekara biyu."

Ya busa ƙurar itacen. "Kai dai ko alheri ka yi sai an bi shi da tsintsiya."

"Haka ne."

"To ni wanzami ne ɗan wanzami. Ƙarfen aski ne zai hana ni shiga gonar ubana? Kwana nawa ina yawo a cikinta, me ya same ni?"

Na ɗaura wa kowane mayen ƙarfe igiya, na sa ɗaya a kan sawun da ya bari da safen nan, daga ɗorawa zuwa wajen kukar iyaka, na ja a hankali. Taku ashirin na yi na ɗaga. Ƙusa ɗaya, murfin kwalba, da reza uku, biyu sun yi ja da tsatsa, ɗaya tana ƙyalli kamar yau aka ɓare ta. Na kawo masa har gabansa.

Ya karɓi mai ƙyallin ya gwada ta a gashin hannunsa. Ta aske. Ya daɗe yana kallon babban yatsansa, inda tabon bara yake. Sannan ya janye ƙafafun ya tanƙwashe su ƙarƙashin riga.

"Ɗaya igiyar fa?" in ji shi.

Na ce ba zai taka gonar ba sai da takalmi. Na tafi kasuwar Kabo aka yanka mana na taya, ƙafa biyu, masu kaurin da ko mota za ta yi alfahari da su. Kwana huɗu muka yi muna jan ƙarfe, shi daga gabas ni daga yamma, mu bi a tsaye mu dawo mu bi a kwance, mu tayar da ƙasa da manjagara mu sake bi. Maƙwabtan gona suka sami abin kallo. Wani tsoho da ke wucewa a kan jaki ya tsaya ya ce, "Sannunku wanzamai. Kawunan gari sun ƙare ne kuka koma yi wa gona aski?" Yayana ya ce masa in ya sauko za a yi masa nasa kyauta, da irin wadda muka tono. Muka cika kwanon sha da reza, ban da ƙusoshi da wani makulli da ya ɓace tun mahaifinmu na da rai. Abin da ya dame ni shi ne ba mu san adadin da muka zuba ba, balle mu san ranar gamawa. Rana ta huɗu dai sai mu yi dogon ja ba mu sami komai ba.

Ruwa ya sauka rana ta biyar, mai yawa. Da gari ya waye muka fita da iri. Yayana ya saɓa sungumi, ya miƙo mini ƙwaryar gero.

"Ni zan sara. Kai za ka rufe."

Tun da aka haife ni bai taɓa ba wani wannan aikin ba. Ban sani ba ko hukunci ne ko girmamawa, ban kuma tambaya ba. Na so in cire takalmi don in nuna nadama, na tuna nadama ba ta hana jini zuba, na bar shi a ƙafata. Yana gaba yana mita, wai takalmi ya mayar da shi kurma, ba ya jin abin da ƙasa ke cewa. Ni ina baya ina jefawa ina dannawa, yana waiwayowa yana cewa in danne da kyau, ba rawa aka sa ni ba.

Saura layi uku mu gama na ji wani abu ya ɗan ƙame a ƙarƙashin dunduniyata. Na zauna na juya takalmin. Rabin reza ce, ta shige tayar a karkace har rabinta. Na kira shi ya zo ya gani. Wurin da ta shiga daidai inda dunduniyarsa za ta sauka ne da shi ke rufewa. Ya zare ta da bakin wuƙa, ya jefa a aljihun da muke tarawa.

"Tashi mu ƙarasa," in ji shi. "Rana tana yi."

Da na koma Gwarzo na ajiye kwanon rezar a gaban Malam na faɗa masa komai, har da tagar. Ya ce, "Ka yi ƙarya a gabana na ji daɗinta. Kuma shekara biyu ban taɓa tambayarka ina kake kai su ba. Mu raba laifin." Ya raba, ya ba ni kason da ke da diga a ciki. Na haƙa rami a kusurwar gida wanda sai da aka miƙo mini tsani na fito, muka rufe shi da murfin durom. Gwangwani kuma daga ranar in ya cika ba ya dawowa.

Malamar lafiya ta sake zuwa bayan kaka. Na ce ta ɗauko takardata ta rage mini maki. Ta ce takarda ta riga ta tafi sama, ba ta dawowa. Saboda haka a can inda ake ajiye irin waɗannan takardu, har yau ni ne gwanin ƙasar nan. Amma ta zauna ta ji labarin har ƙarshe, ta ce in nuna mata mayen ƙarfen. An gaya mini daga baya duk gidan maganin da ta shiga, in an gama ba ta amsa mai daɗi, sai ta miƙe ta ce a kai ta ta ga ramin.

Geron shekarar ya yi kyau, ba zan hana takin haƙƙinsa ba. Yayana bai sake cewa ina da rana ba, ni ma ban nema ba. Duk bazara kafin ruwan farko sai ya aiko a ce in zo da igiyata, mu bi gonar sau ɗaya. Wata shekarar mu sami biyu, wata ba ko ɗaya. Takalmin taya kuwa har ya bar noma yana zaginsa yana sawa.

Ya yi shekaru bayan haka kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ba ta ƙafa ciwon ya zo masa ba. Ni da limamin unguwa muka yi masa wanka. Da muka zo ƙafafu liman yana zuba ruwa ina cuɗawa, sai ya ga na tsaya ina bin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, Malam, zuba. Goma ne cif.